Kiɗan Ruwa a Garin da Ba Kogi

Ban taɓa ganin Kwara, babban kogin ƙasar iyayena, da idona ba, amma da za a ajiye ni a bakinta yau, ina jin zan nuna mashigar mata da ta maza, da falalen dutsen da ake wanki a kai, da gindin ɓauren da ake ɗaure jirage. Duk a bakin Inna na san su. Ni a Makka na tashi, a unguwar Misfala, ƙasa da Harami, a wata bukka ta gwangwani da buhunhuna da Baba ya kafa a jikin dutse. Gari ne da ruwa sai an saya, in ka cika kurkure baki ma sai an kalle ka.

Iyayena mutanen wani ƙauye ne kusa da Yawuri. Da ƙafa suka fito, kamar yadda kowa ke fitowa a lokacin: a yi tafiya, guzuri ya ƙare, a zauna a yi ƙodago, a sake ɗaukar hanya. Da 'ya'ya uku suka baro gida, ba wanda ya ga Makka a cikinsu. Ni a Sudan aka haife ni, inda suka tsaya tsinkar auduga, aka ƙetaro da ni teku a goye. Daga kaina Inna ba ta ƙara haihuwa ba. Saboda haka duk abin da uwa ke rarraba wa 'ya'ya, na faɗa da na tarairaya, a kaina ni kaɗai ya taru, kuma na faɗan ya fi yawa.

Baba a gida matuƙin jirgi ne, shi ke ƙetarar da 'yan kasuwa da buhunansu na albasa. A Makka ya zama sagga, wato ɗan ga-ruwa. Doguwar sanda ce a kafaɗa, garwa a kowane baki, ya cika a bazan, inda ake ɗibar ruwan gari, ya hau da shi benayen Larabawa. Kafaɗarsa ta dama har ta yi kanta. Bai taɓa yin zancen kogi ba. In Inna ta fara, sai ya tuna akwai gidan da bai kai wa ruwa ba, ya ɗauki sandarsa ya fice. Da ina ƙarama na ɗauka labarin ne ya ishe shi. Sai da na girma na gane iya jinsa ne ba ya yi.

Inna kuwa ba ta da wani zancen. Wanki take yi wa wasu gidaje, ni ina taya ta. Ita da ta saba wanki da kogi guda, sai ga ta da garwa ɗaya, a ce ta wanke kayan gida ta kuma ɗauraye. Tana cuɗawa tana tsaki, tana tsaki tana labari. Ta faɗa mini ranar su, wato kamun kifi na gayya, yadda maza ke kifa ciki a kan gora su bi ruwa da komarsu. Ta faɗa mini tseren jirage ranar sallah, da yadda Baba ya taɓa kifewa da jirgi gaban 'yan mata don ya tsaya gyara hula. Ta faɗa mini yara da ke iyo tun ba su iya tsarki ba, da dorinar da ta hana mutane wani lungu damina guda, da warin bandar kifi da ba ya fita daga zane ko an wanke. Ta faɗa mini yadda ruwa ke cikowa a hankali, yau ya taɓa dutsen wanki, jibi ya rufe shi, tsofaffi su kafa kara a gaɓa suna dubawa kowace safiya. Ta ce kogi bai taɓa shigo wa mutum gida bai yi sallama ba. Ni da babban ruwan da na sani shi ne randarmu, sai dai in ce to.

In na miƙa mata kofi na ce, “Inna, ga moya,” yadda yaran unguwa ke kiran ruwa, sai ta karɓa ta harare ni.

“Ke dai moya kika sani, ɗiyata. Ba ki san ruwa ba.”

A cikin labaran nan duka akwai wanda in ta zo kansa take ajiye wanki. A ƙauyensu, ana gobe za a kai amarya, mata sukan gangara da ita kogi da hantsi. Su shiga har ruwa ya kai musu ƙugu, su yi da'ira, amarya a tsakiya, uwarta a gabanta. Ba ganga, ba ƙwarya, ruwan kansa ake kaɗawa da hannu. Uwa ce ke fara bugu, 'yar ta amsa, sannan sauran mata su ɗauka gaba ɗaya. In 'yar ba ta amsa daidai ba, ba za ta fito ba, ko za a wuni ana yi mata dariya. Inna ta ce sautin yana bin ruwa har ƙetare. Maza ba sa zuwa wurin, amma duk wanda ke cikin jirgi ya ji, sai ya buga filafilinsa sau ɗaya a jikin jirgin, alamar an ji, wance za ta yi aure. Haka uwarta ta yi mata, haka kakarta ta yi wa uwarta. Kuma a faɗarta duk ƙauyen ba mai hannunta, abin da ban taɓa samun wanda zai ƙaryata ba.

Abin da ke ci mata rai shi ne a ce 'yarta tilo ta tafi gidan miji ba a kaɗa mata ruwa ba. Ta ce kamar an fitar da yarinya ta bayan gida ne, ba wanda ya ji, ba wanda ya shaida. Na ce ai akwai ɗaurin aure da shaidu. Ta ce wannan na maza ne.

Tun ban kai ko'ina ba ta sa ni gaba a kan daron wanki. Kafin a zubar da ruwan ɗauraya sai ta kama hannuna ta lanƙwasa shi, ta ce in buga. In buga, ruwa ya fantsamo mana fuska, a ji fal. Ita ma ta buga, a ji fal. Daro bai da zurfi, hannu na shiga yake cin karo da ƙarfe. Ta gwada randa, bakin ya yi ƙanƙanta, ta fito da gwiwar hannu a kuje.

“Wanga ba kiɗi ba ne, mari ne,” in ji ta. “Ba marin ruwa za ki yi ba. Ki buɗe mishi ɗaki da hannu guda, ki ruhe da gudan, iskan da kika kulle ciki shi ke magana.”

Na ji bayanin, na haddace shi, amma sautin ban taɓa ji ba. Da baki take kwatanta mini, ta ce gudum, ta dafa ƙirji ta ce a nan ake jinsa, ba a kunne ba.

Na isa aure a shekarun yaƙin Turawa, lokacin da alhazai suka yi ƙaranci, gari ya yi tsit, kowa yana lallaɓa abin da ke hannunsa. Akwai wani mai tsire a gindin dutsenmu, haifaffen Makka, wanda Larabawa ke yi wa layi da yamma. Ba wani kyau gare shi ba, ko a lokacin ban ce yana da shi ba, amma in an aike ni sai na tarar da yanka ɗaya fiye da abin da aka aiko ni, kuma bai taɓa ɗaga ido ya ga ko na lura ba. Da ya turo manya, Baba ya tambaye ni, na sunkuyar da kai yadda aka koya mini, alhali zuciyata ta riga ta gangara dutsen. Aka sa rana.

Daga ranar Inna ta shiga neman ruwa. Can ƙasan Misfala akwai wata birka, tafki ne na gini da ake ban ruwan lambuna da shi, samari suna zuwa iyo. Ta ja ni muka je, muka tsaya nesa. Wurin cike da maza, ba ta inda mace za ta tsoma ko yatsa. Ta daɗe tana kallon yaran suna bundum-bundum, sannan ta ce ko iyon ma ba su iya ba, faɗa suke da ruwan. Muka juyo gida.

Sai ta tuna da wani kwarmi a cikin dutse, sama da bukkarmu kaɗan, bayan wani ƙaton dutse da ke kare shi daga idon hanya. In an yi ruwan sama yakan riƙe ruwa ya kwana biyu, awaki su shanye. Ta auna shi da jikinta, ta ga in an cika zai kai cinya. Ranar nan Baba ya dawo ya zauna cin tuwo, ta kawo maganar. Ban taɓa jin ta roƙe shi wani abu ba sai ranar.

Baba ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya ce ta san ko garwa nawa ramin nan zai ci? Mutane na rabon ruwa da kofi, shi kuma a gan shi yana ɗura wa dutse? Shugaban saggaye ma ba zai bar shi ya ɗiba ba. Ga masu sandan nan da ke zagaye unguwanni suna hana kiɗa da shan taba, in suka ji, wa zai tsaya yi musu bayanin ba ganga ba ce? Mu baƙi ne, a kore mu mu tafi ina?

“Malam, ɗiya guda gare mu,” in ji Inna.

“Na sani. Nan ba gida ba ne. Ki bar wannan magana.”

Goggo ma ta goyi bayansa. Ba 'yar'uwar Baba ba ce ta jini, maƙwabciyarmu ce, Bakanuwa, ta riga mu zuwa da daɗewa har rabin maganarta ya koma Larabci. Ta ce aib ne, mace da girmanta ta tsaya wasan ruwa a garin Manzo, mutane na neman gamawa lafiya ita tana neman kiɗa. Bayan Goggo ta fita dai Inna ta ce da ni, matar da ta tashi a bakin rijiya me za ta sani.

Maganar ta mutu a gidan, amma ba ta mutu a ranta ba. Wanki ya koma ba labari. Na fi son tsakinta da wannan shirun, domin shirun nata ba na fushi ba ne, na wanda aka ƙwace wa abu ne.

Ana saura 'yan kwanaki biki, hadari ya haɗo tun da safe. A Makka akan yi shekara ba a ga ɗigo ba, in kuwa ya zo sai ya zo da fushi. Aka yi ta ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duwatsun garin ba sa shan ruwa, turo shi suke yi ƙasa, duk ya haɗu a kwari ɗaya, ya bi ta Harami, ya faɗo Misfala. Wannan ambaliya ita ake kira sail. Bukkarmu tana sama, ba abin da ya same mu sai yoyo. Baba kuwa ya fita tun asuba, ruwan ya tsare shi a ɗaya gefen gari.

Bayan azahar ruwan sama ya ɗauke, rana ta leƙo. Na fito na tarar da Inna tsaye a kan dutse tana kallon ƙasa. Hanyar da muke bi kullum zuwa kasuwa ta zama ruwa daga wannan bango zuwa wancan, ja wur, yana tafe da tabarmi da itace da mushen akuya. Mutane sun hau rufin gidaje, wasu na kuka, wasu na kiran 'ya'yansu. Na dubi fuskar Inna, na ga abin da ban taɓa gani a kanta ba. Ba murna take da masifar mutane ba, Allah ya sani. Kallo take irin na wanda ya hango ɗan garinsu a cikin taron baƙi.

Ba gaggawa ta yi ba, wannan nakan faɗa wa duk wanda ya ce haukacewa ta yi. Ta daɗe tana duba ruwan yadda aka koya mata. Ta nuna mini laimar da ya bari a jikin wani bango, ta ce ga inda ya kai, ga inda yake yanzu, ya fara ja. Ta nuna mini katangar wani zangon raƙuma, inda ruwan ya karya kwana ya kwanta a lungu, ba ya gudu. Ta ce irin wurin nan ko yaro ana bari ya shiga. A Kwara duk abin da ta faɗa gaskiya ne.

“Ɗauro zanenki a ƙirji, ki taho.”

Na ce, “Inna, Baba fa?”

“Ubanki ya ce ba ya ɗauko ruwa. Ga shi Allah ya kawo har ƙofar gida.”

Muka gangara. Ba wanda ya kula da mu, kowa ta kansa yake yi. Ruwan sanyi ƙarara, yana warin kashin raƙumi, ƙasan kuma duk tsakuwa da taɓo. Tsoro ya kama ni tun yana gwiwa, na riƙe ta gam. Ita kuwa tafiya take kamar a tsakar ɗakinta. Da ya kai mana ƙugu ta tsaya, ta juyo ta fuskance ni, ta cire hannuna daga jikinta. Ta yi bismilla. Ta nutsa hannun hagu ta jawo, ruwa ya buɗe, ta rufe da na dama.

Gudum.

A ƙirji na ji shi, kamar yadda ta ce. Ta sake, ta sake, ta haɗa shi da wani ƙaramin bugu a tsakani, sai ga kiɗa sosai, mai tafiya, yana dukan katangar yana dawowa. Mutanen da ke kan rufi suka juyo. Inna, matar da na sani da durƙuso gaban daro, ta miƙe, kafaɗunta na rawa, tana dariya har ana ganin wushiryarta. Ashe duk shekarun nan ba cika baki take yi ba.

Ta tsaya ta ce, “Amsa.”

Na buga, aka ji fal. Ta yi dariya ta ce to, yau za mu wuni. Na sake, fal. Ta matso ta kama hannuna na hagu ta nutsa shi tare da nata, ta nuna mini yadda ake jawowa ba tare da an fasa saman ruwan ba. Na ji ramin ya buɗe a ƙarƙashin tafina. Ta sake ni ta ja da baya, ta ce yanzu.

A nan ne na ji mutanen kan rufi suna ihu, “Sail, sail,” suna nuna sama da hanya. Inna ta ɗaga kai ta dubi sama, ba hadari. Ta dubi laimar jikin bango, ruwa na nan yana ja.

“Mi suka gani? Ruwa ja yake yi,” in ji ta.

Abin da ba ta sani ba, kuma ba yadda za a yi ta sani, shi ne ruwan Makka ba ya cikowa, faɗowa yake yi. Ana iya yin ruwa a wasu duwatsu can nesa, nan rana na haskawa, sai dai kawai a gan shi. Ba ya jiran a kafa masa kara. Kafin in rufe hannuna na ji ruri, na ga wani ruwan bisa ruwan, ya fi tsayin mutum, da duwatsu da azara da gwangwanayen rufin mutane a cikinsa.

Inna ta cicciɓe ni ta cilla ni kan katangar. Har yau ban san inda ta samo ƙarfin ba, don na fi ta tsawo. Ruwan ya yi gaba da ita. Ina kwance a kan katanga ina kiranta, ina ganin kanta yana nisa. Ba ta yi faɗa da shi ba. Ta kwanta a gicciye ta bar shi ya ɗauke ta, tana ɗan karkatawa gefe, har ta kama wani dutse can ƙasa ta fito. Larabawan da ke kan rufi suka yi ta kabbara. Ruwan da ya tafi da ƙarti bai iya cinye ta ba.

Da aka sauko da ni na same ta zaune, ta ɗaure cinyarta da kallabi. Gwangwanin rufi ne ya yanke ta, mai tsatsa, yankan ya yi zurfi. Ba ta ko kalli wurin ba. Abin da ta fara ce mini shi ne, “Hannunki ya kusa. Saura ki ruhe.”

Washegari hanyar ta koma hanya, sai taɓo da tarkace. Kogin nata bai ko kwana ba. Baba ya dawo, aka faɗa masa, bai yi faɗa ba. Ya zauna bakin ƙofa ya haɗa kai da gwiwa.

Ciwon ya ƙi rufewa. Goggo ta yi iya yinta, ta wanke da zamzam, ta sa zuma, ta kira wanzami. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, zazzaɓi ya shiga. Aka ɗaga biki. In zafin ya hau, Inna takan yi ta magana da mutanen da ban sani ba, tana ce musu su jira ta, ba ta gama ɗauraya ba. In ya sauka sai ta nemi hannuna, ta lanƙwasa shi a cikin nata, ta yi ta gyara yatsun. Ko sau ɗaya ba ta ce wa Baba da ka cika ramin nan ba. Shi ma bai ce mata da kin ji maganata ba. Ya riƙa ba ta ruwa a baki da cokali, ita kuma tana karɓa.

Wata safiya ta cika, rana ba ta gama fitowa ba. Aka yi mata salla a Harami.

Masu gaisuwa suka cika gida, kowa da maganar da ya zo da ita guda ɗaya: ta dace, ta mutu a Makka, mutane na tafiyar shekaru don su sami wannan. Na sani, ba na musu, ina kuma roƙa mata ya zama hakan. Amma uwata ce, kuma na so a ce ko mutum ɗaya ya bar ni na yi kukana bai tuna mini sa'arta ba. Har da masu raɗa cewa wasan ruwa ya kai ta. Waɗannan na ji su, na kuma san su, ban ƙara gaishe su da daɗin rai ba.

Bayan an yi sadakar arba'in aka sake sa rana. Ni a lokacin ko a jikina, a yi ko a fasa duk ɗaya. Gida ya zama ni da Baba, mu wuni ba mu haɗa magana uku ba.

Sai na lura ya canza hanya. In ya cika garwa a bazan, maimakon ya nufi benaye, sai ya hawo dutsenmu, ya wuce bukka, ya ɓace bayan ƙaton dutsen nan. Na bi shi na leƙa. Ya share kwarmin tas, ya liƙe tsagogin da farar ƙasa, yana juye ruwa a ciki. Dutse ya sha, rana ta sha, ya rufe da buhunhuna ya koma ya ɗauko wani. Gidajen da yake kai wa suka yi ta aike, bai je ba. Unguwa ta ɗauka baƙin ciki ya taɓa shi. Ban san abin da ya faɗa wa shugaban saggaye ba, na dai ga wasu abokan aikinsa suna hawowa, kowa ya juye nasa ya sauka, ba mai tambaya. Tsohuwar kantar kafaɗarsa ta tsage tana jini, ya sa tsumma ya ci gaba.

Ana gobe za a kai ni, da hantsi, Goggo ta shigo da zane ɗaure a ƙirji. Ita da ta ce aib. Bayanta matan unguwa ne 'yan kaɗan, ba wadda ta taɓa ganin Kwara a cikinsu.

“Tashi, 'yar nan,” in ji ta. “Babanki ya ce da hantsi ake yi.”

Muka hau. Ramin bai ɗauke mu duka ba, sai ni da Goggo muka shiga, sauran suka kewaye bakin. Ruwan a cinya ya tsaya mini, sai na durƙusa don ya kai ƙugu. Baba ba ya wurin. Na san yana bayan dutsen, don na ga kan sandarsa ya leƙo.

Na durƙusa ina jira. Kowa yana kallona, ni kuma ina kallon gabana, inda uwa ke tsayawa. Na san ba mai farawa, amma jikina ya ƙi yarda, sai jira yake yi. Goggo ta sa hannu a ruwan ta fitar, idonta ya kawo ƙwalla.

“Wallahi ban iya ba, 'yar nan. Da na iya da na yi miki.”

Sai na yi bismilla na amsa kiran da aka yi mini tun ranar ambaliya. Na fari fal. Na biyu fal. Ba wanda ya yi dariya, kuma na so a ce an yi. Na nutsa hannun hagu a hankali na jawo, na ji ramin ya buɗe, na rufe. Wani ɗan sauti ya fito daga ƙasa, siriri, ko rabin na Inna bai kai ba. Da tana nan na san cewa za ta yi in sake. Ban ma tabbata ya ƙetare dutsen ba.

Na tsaya da hannu a cikin ruwa. Can sai na ji an buga sanda a jikin garwa, sau ɗaya.

A nan na yi kukan da aka hana ni ranar gaisuwa, Goggo ta riƙe ni muna tsamo-tsamo. Da muka fito mata suka kawo tulunansu suka kwashe ruwan, don a Makka ba a barin ruwa ya kwana a rami. Na leƙa bayan dutsen ban sami Baba ba. Na hango shi can ƙasa yana gangarawa bazan, garwa biyu ba komai a ciki suna lilo a kafaɗarsa.